Kirikiri Daga Fadamar Hunƙuyi

Sabo, Ibadan
10 ga Zulƙida, 1352

Takarda ta fito daga hannun ƙanenka Jatau zuwa ga Yaya Malam Iliyasu a Hunƙuyi. Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Lauratu da yara. Mai ɗakina Rahamatu tana gaishe ku.

Bayan haka, saƙonka ya iso ta bakin Ɗantani mai fataucin goro, cewa shekara shida a Kurmi ta isa, in tattara in dawo in kama rabona na gonar Baba. Yaya, ka yi haƙuri, saƙon ya makara. Na ajiye gammo, na bar dako a tasha. Aiki na samu, kuma aikin ƙasa ne, irin wanda Baba ya koya mana.

Akwai wata kwaleji bayan tudun da ke kallon Sabo, inda samari ke karatun boko. Suna da filin buga ƙwallo, wato tamaula, amma ba ta tsumma ba, ta fata ce da ake hura wa iska. Mutum goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, kowa na neman ya zura ta tsakanin itace biyu na abokan karawa, ba a sa hannu. Na san za ka ce aikin banza ne. Ni ma haka na ce, sai da na tsaya kallo bara na ji ni ina ihu har hulata ta faɗi.

Malaminsu na wasa, Tisha Akande, wani Bayarabe ne gajere mai usur a wuya. Akwatinsa na ɗauko daga tasha, muka ratsa ta gefen filin, na ce, "Oga, wannan fili ba shi da mai shi ne?" Ya ce me na gani? Na nuna masa inda ruwa ke kwanciya a kusurwar kudu, da gidan gara biyu, da ramin da ke gaban itacen. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tsohon da ke kula da wurin ya koma garinsu. Washegari aka miƙa min makullin ɗakin kaya.

Bara wasa tara suka yi a wannan fili nasu, biyu kacal suka ci. Tisha ya ce laifin ƙafafun samarin ne. Ni na ce laifin filin ne. Tofa ce da gamba dunƙule-dunƙule, ƙwallo ta taho sai ta yi tsallen kwaɗo ta nufi wani wuri. In ba haka ba, muna da maza. Muna da mai tsaron gida Bankole, dogo kamar gwangwala, hannunsa ya kai faifai. Muna da Oyewole a gaba, wanda in ya ɗauki gudu sai dai a bi shi da ido.

Za a buɗe kakar wasa ta bana tsakiyar watan Maulidi. Baturen da ke shugabancin kwalejin ya tafi hutu ƙasarsu, kafin nan zai dawo. Na yi wa Tisha alkawari zai tarar da filin da babu irinsa daga nan har Ikko. Kai ka san ni, ban cika faɗin abin da ba zan yi ba.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Haza wassalam.

Ƙanenka, Jatau

Hunƙuyi
26 ga Zulƙida, 1352

Daga Iliyasu ɗan Malam Mamman zuwa ga ƙanena Jatau. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka.

Bayan haka, takardarka ta iso. Rubutunka bai gyaru ba, sai da na karanta sau biyu. Na ga inda ka ce "muna da maza". Ban san ka shiga boko ba.

Abin da na fahimta shi ne an ba ka fili mai girman gonar dawa, ba a shuka komai a ciki, ƙarti ashirin da biyu suna guje-guje a kai suna bin fata. Ka kira wannan aikin da Baba ya koya mana. Allah Ya ji ƙan Baba, da yana raye da ya ba ka amsa da bakinsa. Ka kuma ce ba ka faɗin abin da ba za ka yi ba. Ranar da ka bi garken shanu Kudu ka ce min wata uku za ka yi.

Ga magana ɗaya. Ƙarfina ba kamar da ba ne, gona biyu ta fi ni. Rabonka shekara shida ina noma rabi ina barin rabi, daji yana cinye shi. Manniru ɗan Baffa ya yi iyali, ya zo sau uku yana roƙon wurin. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, zan miƙa masa. Ka kuma san gonar da mutum ya zuba takinsa ya yi guminsa a kai, ba ni da fuskar da zan je in karɓe ta.

Ka yi shawara da kanka. Lauratu tana gaida Rahamatu. Wassalam.

Sabo, Ibadan
17 ga Zulhajji, 1352

Zuwa ga Yaya Malam Iliyasu. Gaisuwa da barka da Salla, Allah Ya maimaita mana.

Bayan haka, na ji maganar gona, kuma ta tsaya min a rai. Amma ruwan shukarku da saura, bari in ba ka labari tukuna, don na so a ce kana nan ranar Asabar.

Gayya na kira, Yaya. Gayya a tsakiyar Badun! Na zauna na yi tunani na ce, ni dai duk inda na san ana wasa, dandalin dambe ne ko na kokawa ko na langa, sharewa ake yi tas. Wa ya taɓa ganin ɗan dambe yana zagaya cikin ciyawa? Ashe maganin abin a fili yake, masu boko ne ba su gano ba. Tisha ya tafi hutu garinsu Ijabu, samari duk sun watse, na ce kafin su dawo sai dai su ga aiki.

Na bi Sabo gida-gida. Ka san mutanen nan, ɗan alaro ne, wato ɗan dako, ko mai koren shanu, ko mahauci, amma kowa ɗan manomi ne, hannunsa na ƙaiƙayin ƙota. Mutum arba'in da uku suka fito. Maƙera suka ba mu aron fartanya, Ɗanbala Bakatsine ya rataya gangar noma. Da ya sa mata gula, wallahi wani dattijo mai sayar da tsire sai da ya yi hawaye, ya ce shekara goma sha ɗaya bai ji wannan kiɗa ba. Aka ja layi, Kanawa a dama, Zazzagawa a hagu, kowa na cewa shi zai fara kai ƙarshe. Ba sai na gaya maka wa ya riga ba.

Kafin la'asar babu ko tsinke ɗaya a tsaye. Muka rushe gidajen gara, muka cike ramuka, muka kwashe ciyawar muka cinna mata wuta, sannan muka bi ƙasar muka daddaɓe ta. Jawur, sumul, ko ɗakin amarya albarka. Rahamatu da maƙwabtanta suka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, aka ci aka yi fatiha.

Kukun kwalejin, wani tsoho, ya fito da gudu muna tsakar aiki, ya ɗora hannu biyu a ka yana ta "Ah! Ah! Mala! Mala!" Haka suke kiran Bahaushe a nan. Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba ka ga komai ba tukuna." Mutanen nan ba su saba ganin aikin gayya ba, dole abin ya ba shi mamaki.

Ka rubuta ka ajiye, bana ko wasa ɗaya ba za a ci mu a gida ba. In Bature ya dawo ya gani, na san zai ba ni izinin wata guda in zo mu yi shuka tare, in komo. Ka ce wa Manniru ya ɗan dakata.

Haza wassalam. Ƙanenka, Jatau

Sabo, Ibadan
6 ga Muharram, 1353

Zuwa ga Yaya, bayan gaisuwa.

Lafiya lau muke. Damina ta kankama a nan, ana ruwa kusan kullum. Tisha ya dawo. Aiki ya ɗan yi yawa, shi ya sa takardar ba tsawo. Akwai 'yan gyare-gyare da suka rage, ba wani abu ba ne, na san yadda zan yi da su. Maganar zuwa shuka, zan sanar da kai.

A gaida Yaya Lauratu. Wassalam.

Jatau

Sabo, Ibadan
8 ga Muharram, 1353

Daga Rahamatu zuwa ga Yaya Lauratu. Ina gaishe ki, ina gaida yara, eku ile kamar yadda muke cewa a nan. Malama Indo mai koyar da 'yan mata ce ke rubuta min, ni ina faɗa.

Yaya, ƙanen Malam ya aiko da takarda shekaranjiya, na san lafiya lau ya ce. Ba lafiya ba. Ni a garin nan aka haife ni, da ya tambaye ni da na gaya masa, amma kin san su, ɗan gidan nan ba ya tambaya. Na ɗauka sassabe za su yi, na tuƙa tuwo na kai, na tarar sun yi wa filin Turawa aski ƙwal.

Ashe a kan ciyawa ake buga abin nan. Gajera ake so, mai laushi, don in mutum ya faɗi kada ya ɗaye, kuma ita ke riƙe ƙasa. Tisha da ya dawo ya gani, zama ya yi a ƙasa daɓas da fararen kayansa. Da ya samu bakin magana ya ce, "Jatau, o ti pa mi, ka kashe ni." Kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Filin ya zama jan taɓo, ruwa ya yanka kwazazzabo ta tsakiya. Samarin sun gwada shiga, dogon nan mai tsaron gida ya nutse har idon sawu, takalminsa ɗaya sai da aka haƙo.

Tisha mutumin kirki ne, bai kore shi ba. Ya ce shi ya kawo shi, in Bature ya dawo ya tarar da haka su biyu za a sallama. Sati takwas ya rage. Kullum da sassafe maigidan zai fita da buhu neman ciyawa, ya dawo da tofa, ya dasa, wata ta mutu, wata ta miƙe har gwiwa. A Sabo kuwa an sa masa suna Sarkin Noman Turawa, in ya wuce mahauta sai a dinga kwaikwayon ganga da baki. Yana dariya tare da su, ya shigo gida ya tura kwano gefe.

Ba korar ce ke cinsa ba, Yaya. Ya ce min da ya dawo Hunƙuyi a kore Malam ya dube shi, gara ya koma ɗaukar kaya har ya mutu. Ni kuma tausayinsa ya hana ni sakat, don tunda nake da shi ban taɓa ganin ya so wani abu kamar filin nan ba.

Ki taimake ni da addu'a. Don Allah kada Malam ya ji. Na san shi ke karanta miki takarda, to ni dai ke na rubuta wa.

Ƙanwarki, Rahamatu

Hunƙuyi
17 ga Muharram, 1353

Daga Iliyasu zuwa ga Jatau. Sallama.

Bayan haka, wata takarda ta shigo gidan nan wadda ba tawa ba. Karantawa kawai na yi wa mai ita. Kada ka yi wa kowa faɗa.

Ɗantani zai sauka a jirgin Alhamis da buhu tara. Ka je tasha da kanka, kada su kwana a rana. Kirikiri ce daga fadamar Baba, da saiwarta, na jiƙa buhunan. Shekara talatin ina yaƙi da ciyawar nan. Na nome ta, na ƙone ta, na sa shanu sun tattake ta, ba ta taɓa yin tsawo ba kuma ba ta taɓa mutuwa ba. Kai ma ka sha dukan Baba a kanta. Yadda ka yi ka manta da ita har kana yawo da tofa, Allah kaɗai Ya sani.

Ga yadda za ka yi. Fara da yanka lambatu ta gefen tudu, ruwa ya zagaye filin. Ka cike kwazazzabon, ka sassauta ƙasar da ka daɓe. Ka nemi takin shanu a zangonku, tsoho wanda ya huce, ba ɗanye ba. Ka gutsuttsura saiwar tsawon yatsa, kowace da gaɓa biyu, ka dasa taƙi ɗaya tsakani. Ƙafar mutum ko ta akuya kada ta taka har kwana arba'in. In ta fara rarrafe ka bi kanta da lauje, yankan ne ke sa ta yi kauri.

Kwana uku muna tonon ta ni da yara. Maƙwabta sun tsaya a kan iyaka suna tambaya ko lafiya nake cusa ciyawa a buhu. Na ci gaba da tonona.

Wannan ba ya nufin na yarda da aikinka. Ba na son a ce ɗan Malam Mamman ya taɓa ƙasa ta lalace, shi ke nan. Maganar gona tana nan yadda na faɗa.

Wassalam.

Sabo, Ibadan
12 ga Rabi'ul Awwal, 1353

Takarda daga ƙanenka Jatau zuwa ga Yaya Malam Iliyasu. Gaisuwa da ladabi, da barka da Maulidi.

Bayan haka, ka gafarce ni da na yi shiru har yau, na rantse ba zan rubuto ba sai ina da gaskiyar da zan faɗa. Ranar da na buɗe buhun farko a tasha na ji ƙanshin ƙasar fadamarmu, sai da na juya wa Ɗantani baya. Na yi wauta, na kuma ɓoye maka, kunya ta kama ni ƙwarai. Ban yi wa kowa faɗa ba. Mai laifin ma cewa ta yi in na ƙara irin wannan har Sarkin Zazzau za ta rubuta wa.

Na sake kiran gayya. Wannan karon mutum goma sha ɗaya suka fito daga Sabo, sauran suka ce su dasa ciyawa ba gadonsu ba ne. Sai ga Tisha da samarinsa talatin, kowa ya naɗe wando. Ka ga ɗan boko da saiwa a hannu yana tambaya ina ne samanta! Bankole ya fi kowa ƙoƙari, ya ce shi ke faɗuwa a wurin, shi ya kamata ya yi shimfiɗarsa. Buhu taran ba su kai ba, sulusin filin ya rage. Na jira sati uku ta yi rarrafe, na yanko daga jikinta na cike sauran. Akuyoyin unguwa kuwa ni da su mun san juna yanzu.

Yaya, in ka ga filin! Kore shar, a kwance luf, ka taka ka ji kamar tabarma sabuwa. Jiya aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin a idar da azahar ya bi lambatu ya tafi abinsa. Kusurwar kudu ce kaɗai ba ta gama haɗewa ba. Mun zana layuka da farar ƙasa, mun kafa sababbin itatuwa.

Bature ya dawo ranar Litinin. Ya zagaya filin hannu a baya, ni da Tisha muna biye kamar masu rakiyar gawa. Ya danna dunduniya a ƙasa, ya tsuguna ya ja ciyawar, ba ta tumɓuko ba. Ya tambayi daga ina, Tisha ya ce daga Zariya. Ya ce a ƙara rage mata tsawo, ya wuce. Na ce shi ke nan? Tisha ya ce shekara huɗu yana aiki da shi, bai taɓa jin ya yabi abu haka ba.

Jibi Asabar za a buɗe kaka da 'yan wata kwaleji daga Abekuta, su ne suka zura mana biyar bara. Yanzu ƙwallo tana tafiya inda aka aike ta, Oyewole ya ce ƙafarsa ta samu gida. Ba zan ƙara cewa ba za a ci mu ko sau ɗaya ba, na daina irin wannan. Amma in sun fi mu da ƙwallo ɗaya jibi, ka kira ni da sunan da ka ga dama.

Saura magana mai nauyi. Ɗantani ya ce ruwan shuka ya sauka wurinku tun tsakiyar Safar. Na sani, kuma ban zo ba. A lokacin ciyawar tana sati uku, in na bar ta kwana goma ta tafi, aikin Tisha ya tafi da ita. Na zaɓa ido buɗe. In ka miƙa wa Manniru, ba ka zalunce ni ba, Allah Ya sa masa albarka a ciki. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, abin yana min ciwo, don a gonar nan Baba ya fara ɗora hannuna a kan ƙota. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka cire ni daga ranka tare da gonar.

A gaida Yaya Lauratu da yaran da suka sha tono. Haza wassalam.

Ƙanenka, Jatau

Hunƙuyi
21 ga Rabi'ul Awwal, 1353

Daga Iliyasu zuwa ga ƙanena Jatau. Sallama.

Bayan haka, da ka baro dashe yana sati uku ka taho, da a bakin ƙofa zan mai da kai.

Ban ba Manniru rabonka ba. Na yanka masa daga nawa, ta wajen tsamiya. Naka na shuka shi da hannuna, dawa ta kai gwiwa. Zauna ka yi aikinka, gonarka tana nan duk shekarar da ka zo.

Asabar ɗin ta wuce yau kwana bakwai, babu wanda ya zo daga Kudu. Maƙwabta sun dame ni da tambayar wa ya ci. Na so in bar maganar haka, amma Lauratu ta ce in ji tsoron Allah. Ba maƙwabta ba ne, ni ne. Ka rubuto da jirgin farko, ka gaya min nawa muka zura musu.

Wassalam. Yayanka, Iliyasu